Yadda za ku haɗa kanku a ofishin sulhu da shawarar iyali in 'yan gida ɗaya ne ku

Assalamu alaikum. Tambaya guda ake ta maimaita min tun bayan sallah, wasu ta waya wasu in mun haɗu wurin ɗaurin aure ko suna, wai Malam ku da kuke 'yan gida ɗaya ya aka yi kuke aiki wuri ɗaya ba ku watse ba. Yawancin masu tambayar suna da irin namu ne ko suna shirin buɗewa, wato wurin da ma'aurata ke zuwa a sasanta su, a ba masu shirin aure shawara, a zauna da iyaye kan tarbiyyar ɗiya, wani lokaci har rigimar gado, duk bisa koyarwar addini. Mu shida ne a namu nan cikin garin Sakkwato, ni da yayana da ƙanwata da goggonmu da ɗan baffanmu, sai malami guda da ba danginmu ba. Ga yadda muke yi, kuma don Allah a bi jerin yadda yake, wanda ya fara da kama haya da buga allon ofis kafin mataki na 1 da na 2 zai dawo baya ne dole.

1. Zaman niyya

Kafin komai ku zauna ku kaɗai na awa biyu, da littafi guda da biro. Kowa ya amsa tambaya uku a rubuce kafin a buɗe baki: mi ya kawo ka wanga aiki, nawa kake sa ran samu a wata, kwana nawa a mako za ka iya zama ofis. Sai a karanta a fili.

Za ku sha mamaki. A namu zaman, Goggo ta ɗauka aikin fisabilillahi ne ko sisi ba za a karɓa ba, ɗan baffanmu kuma da shi yake son ya yi aure ya riƙe gida. Dukansu suna da gaskiya, neman lada halal ne neman abinci ma halal ne, amma in ba a faɗa ba tun farko to bayan wata shida ɗaya zai riƙa ganin ɗan'uwansa makwaɗaici ne ɗayan kuma yana ganin ana wasa da abincinsa. Ku fito da jimla guda da kowa ya yarda da ita. Tamu ita ce ana karɓar kuɗin zama sananne daga mai hali, marar hali kuma ba a mai da shi.

A kula: kar a yi wannan zaman a gaban Baba ko Inna. Kunya za ta hana ƙarami faɗin gaskiya, zai ce duk yadda aka yi daidai ne alhali ba haka ke ransa ba. Ku gama tukuna sannan ku tafi gaba ɗaya ku faɗa musu abin da kuka tsayar su sa albarka.

2. Kuɗin waye, ɗakin waye

Duk abin da aka sa a cikin aikin a rubuta mai shi da ƙimarsa, kuɗi ne, shago ne, kujeru ne, sola ce, ko kwamfutar da ƙanwarka ta kawo. Allah ya yi umarni da rubuta bashi a Suratul Baƙara aya ta 282, ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma bai ce ban da 'yan'uwa ba. Wanda ya ce haba ai mu ɗaya ne, ka karanta masa ita cikin ladabi.

Sannan ku tantance irin haɗin da kuka yi. In kowa ya sa jari to tarayya ce, riba yadda aka tsara, hasara kuma gwargwadon jarin kowa. In wani ya ba da kuɗi kawai wasu na aiki to ƙiradi ne, rabonsa kaso ne na riba kamar sulusi ko rabi, ba a yanke masa adadi a ce duk wata dubu kaza ko an samu ko ba a samu ba. Ku kai wa malamin da ya san babin ciniki ya duba muku takardar, shaidu biyu da ba 'yan gida ba su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Daga nan sai rajista da hukumar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da kasuwanci ta ƙasa, ana yi ta intanet kuma kuɗin na rubuce a shafinsu, in an bi ta hannun wakili akwai ladansa a sama. Rajistar sunan kasuwanci ta fi sauƙi da arha. Rajistar ƙungiya mai amintattu kuma ba a raba ribarta tsakanin mambobi, to mai son rabo kar ya bi nan. Da takardar ku buɗe asusun banki da sunan ofis, mutum biyu ke sa hannu.

A kula: in shagon ko zauren da za ku yi amfani da shi na marigayi ne kuma ba a raba gado ba, ku dakata. Akwai haƙƙin mata da marayu a ciki. Ko a raba, ko ku riƙa biyan haya ga magada da rasit. Ku da za ku zaunar da mutane kan gado bai kamata a same ku zaune cikin wanda ba a raba ba.

3. Naɗa shugaba

Nan ne mafi yawa ke faɗuwa don haka zan daɗe a kai.

Annabi (SAW) ya ce in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu, Abu Dawuda ya ruwaito. To shugaba dole ne, zancen ai dukanmu shugabanni ne ba ya aiki. Matsalar ita ce a gidajenmu da an ce shugaba ido na komawa kan babba. Mu ma haka muka yi, muka ba Yaya. Mutum ne mai ilimi da haƙuri, amma yana koyarwa da safe yana da karatun zaure bayan magariba, sai ya zamo fayil na kwana goma yana jiran sa hannunsa, mata ta taso tun daga Wurno ko Bodinga ta biya kuɗin mota da na kabu-kabu a ce mata sai Yaya ya zo, kuma babu mai iya buɗe baki a cikinmu don wa zai ce wa yayansa ka makara. Mun kusa shekara a haka kowa na cin rai, har malamin da ba ɗan gida ba ya fara neman wani wuri.

Goggo ce ta warware. Ta same shi gida bayan isha'i ta ce masa, "Kai ne babba, ba wanda ya isa ya raba ka da wannan har abada. Amma ɗawainiyar makulli da rasit ka bar ma ƙannenka, kai ka riƙe muna abin da ba mai iya riƙewa in ba kai ba." Ya ce, "Goggo dama nauyi ne gare ni, na rasa wanda zan faɗa mawa." Kun ji fa, shi ma yana cikin ƙunci.

Abin da muka koma yi, kuma shi nike ba kowa shawara, a raba shugabancin gida huɗu. Akwai mai gudanarwa, shi ke da jadawali da makulli da biyan haya, kuma a ba wanda ya fi kowa zama ofis ko da shi ne auta. Akwai mai duba hukunci, duk maganar da ta shafi halal da haram gare shi take tsayawa, wannan na mafi ilimi ne. Akwai uwar ɓangaren mata. Akwai ma'aji, kuma kar ya zama mai gudanarwa ko matarsa. Kowane a rubuta iyakarsa, misali mai gudanarwa na iya kashe abin da bai wuce naira 20,000 ba shi kaɗai, abin da ya wuce sai an zauna. A sa wa'adi, mu shekara biyu muka sa, don in za a canza mutum ya zamo wa'adi ne ya cika ba tsige shi aka yi ba.

Kira ba ya canzawa. Yaya yana nan Yaya, ana gaishe shi yadda aka saba, ana ba shi kujerar da ta dace, shi ke buɗe taro da addu'a. Ƙaramin da aka ba gudanarwa in zai tuna masa aiki ya ce "Yaya, mutanen Kware na nan tafe ƙarfe goma in Allah ya yarda, ko za a samu dama?" Shi kuma babba ya taimaka masa da abu guda, ya zama shi ne farkon bin jadawali, in ya bi babu wanda zai ƙi.

A kula: wanda ya fi kowa nacin a ba shi a yi hattara da ba shi. Abu Zarri ya nemi Annabi (SAW) ya ba shi aiki, ya ce masa kai mai rauni ne kuma ita amana ce, ranar ƙiyama kunya ce da nadama sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya sauke abin da ke kansa, yana cikin Muslim. Sannan kar ƙarami ya taɓa gyara wa babba a gaban baƙi ko a guruf ɗin WhatsApp. A same shi shi kaɗai, in abin ya yi nauyi a bi ta hannun goggo ko kawu.

4. Kowa da aikinsa a takarda

Shafi guda ya isa kowane mutum: abin da yake yi, ranakunsa, wanda yake kai wa rahoto, da wanda ke tsaya masa in ba ya nan. A manna jadawalin mako a bango.

Ɓangaren mata ku ba shi cikakken iko, ba wai a ajiye ƙanwa tana kawo ruwa ba. Mace ba za ta faɗa wa namiji rabin abin da ke damunta ba, sannan ga maganar keɓewa, don haka mace ta fara jin mace, in za a haɗa da miji a zauna mutum huɗu. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan, Nana Asma'u 'yar Shehu da ta rasu a 1864 ta horar da jajis, wato mata malamai masu jagorantar 'yan'uwansu mata, ta ɗaura musu malfa, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata suna dawowa gare ta. Kowane babba a ofis ya samu mai bi masa da yake koya wa aiki, ya zauna yana saurare wata uku da izinin masu matsalar kafin a bar shi ya yi magana.

5. Baki ɗaya kan hukunci

Gida ɗaya za ka samu wannan ɗan Izala ne, wancan Batijjane, wancan Baƙadire, kuma ana cin tuwo tare lafiya lau. A ofis ma haka za a yi, amma sai an rubuta. Mu mun tsaya kan mazhabar Malikiyya don ita alƙalan kotunan shari'a ke aiki da ita a nan, kuma an hana kowa tambayar baƙo ƙungiyarsa ko kushe malaminsa.

Ku zauna da mai duba hukunci ku jera mas'alolin da suka fi zuwa, ciyarwa, rabon kwana, yaji, idda, riƙon yara, ku rubuta amsa guda. Babu abin da ke zubar da ƙimar wuri irin miji ya ce ai malamin jiya ba haka ya ce ba, daga nan ku ma kun fara zargin juna.

A kula: ku ba alƙalai ba ne. Lissafin saki nawa ya auku ba aikin kowa ba ne sai mai duba hukunci, in da jayayya kuma kotu. Khul'in da miji ya ƙi, kotu. Sannan kowa ya haddace inda ake tura abin da ya fi ƙarfinku: taɓin hankali ko shaye-shayen da ya yi nisa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, fyaɗe cibiyar Nana Khadija da ke asibitin ƙwararru da kuma 'yan sanda, ba a sulhu a kansa ko ɗan waye. Dukan da ya kai ga rauni asibiti tukuna kafin wata magana. Ma'aikacin da ya san iyakarsa a rubuce ba zai ji tsoron wani babba ya ce don mi ka tura su ba.

6. Sirri

Ga 'yan gida ɗaya wannan ya fi komai wuya, saboda an tashi ofis an koma gida ɗaya, ana cin abinci sai wani ya ce kai yau mun ga abu, matar wani ta ji, gobe an kai gidan biki a Mabera, jibi ya isa Runjin Sambo. Sakkwato kuwa kowa ɗan'uwan kowa ne, ko ba ka faɗi suna ba in ka ce ɗan kasuwa mai mata uku a unguwa kaza an gane.

Dokokinmu ga su. Maganar ofis ba ta shiga gida, ko ga mata ko ga miji ko ga Inna, kuma mun je mun roƙi Inna da kanmu kar ta tambaya, ta ce Allah ya yi muku albarka haka ya kamata. Kowane fayil lamba gare shi ba suna ba, littafin da ke haɗa lamba da suna yana cikin kabad ɗin ƙarfe mai makulli wurin mutum biyu. Wayar ofis daban, layi daban, ba a ba yara su yi wasa da ita. Guruf ɗin WhatsApp na aiki lokaci da lamba kawai ake sawa, ba a tura muryar kowa ko hoton takardar saki. In wanda ya zo dangin ɗayanku ne ko surukinsa ko maƙwabcinsa, wannan ya janye wani ya karɓa. Kayan da ake buƙata ba su da yawa, kabad, kwaɗo mai kyau, ƙaramar waya, da labule ko ƙofa da ke hana a ji magana daga waje, kuma a fara sayensu kafin kujerun ƙawa.

A kula: hukuncin fitar da sirri a rubuta shi tun kafin a san wa zai faɗa ciki, kuma ya hau kowa. Ban da zunubin giba da Suratul Hujurati aya ta 12 ta kwatanta da cin naman ɗan'uwa matacce, akwai dokar kare bayanan mutane ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2023. Ranar da aka kori bare aka yafe wa ɗan gida kan laifi ɗaya, ranar haɗin kai ya ƙare.

7. Zaman mako

Rana ɗaya, lokaci ɗaya, minti 45. Mu Asabar da safe ƙarfe takwas muke yi, musamman watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40, zaman rana a lokacin faɗa kawai yake haifarwa. Addu'a, sai karatu na minti goma kowa da makonsa har mata, sai lambobin fayil da inda kowane ya tsaya, sai ma'aji ya karanta shiga da fita, sai abin da ke damun kowa.

Dabara guda da ta gyara muna zama: ƙarami ke fara magana, babba na ƙarshe. In Yaya ya fara ya ce ga ra'ayina to shawara ta mutu, kowa zai ce haka ne. Allah ya umarci Annabi (SAW) da kansa ya shawarci sahabbai a Ali Imrana aya ta 159, kuma a ayar ne ya ce in ka ƙudura to ka dogara ga Allah, wato bayan an ji kowa mai alhakin ya yanke, wanda ra'ayinsa bai ci ba kar ya fita yana cewa ni dama ban yarda ba. A rubuta abin da aka yanke da wanda zai yi da ranar.

8. Rabon kuɗi

Ƙarshen wata, a gaban kowa, da takardar banki a buɗe. Ga misali don a gane tsarin, ku sa naku adadin. A ce naira 400,000 ta shigo. A fara cire haya da wuta da data da mai da albashin wanda aka ɗauka aiki, a ce 120,000, saura 280,000. Kashi 10 cikin 100 asusun ajiya, 28,000. Wani kashi 10 na marasa hali, kuɗin motar matar da ta zo ba ta da na komawa da makamantansu, 28,000. Saura 224,000. Kashi 70 na masu aiki gwargwadon zaman da kowa ya yi, 156,800, kashi 30 na masu jari, 67,200.

Wanda ba ɗan gida ba albashinsa sananne ne kuma shi ake fara biya, a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kamar yadda ya zo a Ibnu Majah. A sa shi cikin zaman mako, in ya yi haihuwa ko rashi a tafi gaba ɗaya yadda za a je wa ɗan'uwa.

A kula: asusun ofis ba na bikin gida ba ne. Auren ƙanwa ko ragon suna a yi karo-karo daga aljihu. Mai son bashi ya rubuta a cire masa a rabonsa. Sai kyauta, wanda ake sulhu da shi ya aiko maka buhun shinkafa ko shadda gida, ka kawo zaman mako ka faɗa, in maganarsu ba ta ƙare ba a mayar masa cikin mutunci. Ku tuna Ibnul Lutbiyya da aka aika karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya ce mi ya hana ya zauna gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa.

9. In ku ma kun saɓa

Za ku saɓa, to ku zaɓi masu raba ku tun ana dariya. Dattijo guda daga dangi da malami guda daga waje, a rubuta su cikin takardar mataki na 2 kuma a sanar da su. Wannan shi ne abin da kuke yi wa ma'aurata kullum daga Suratun Nisa'i aya ta 35. Tsarin shi ne mutum biyun da suka saɓa su fara zama su kaɗai, in bai yi ba mai gudanarwa ko Goggo, in bai yi ba dattijon da malamin da kuka zaɓa, kuma duk cikin kwana uku don hadisin da ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da haka. Wanda ke cikin fushi da ɗan'uwansa a ɗauke masa zama da baƙi har a shirya.

In wani ya ce zai fita a bar shi ya fita da daɗin rai. Ya ba da sanarwar wata guda, a ƙimanta jarinsa a biya shi kashi-kashi yadda aka rubuta, ya miƙa fayilolinsa ɗaya bayan ɗaya ga wanda zai gaje su a gaban uwar ɓangaren mata ko mai duba hukunci, a sanar da masu matsalar wanda zai ci gaba da su, a karɓi makulli a canza kwaɗo da lambar sirrin waya, shi kuma ya sa hannu cewa sirrin da ya ji yana kansa har bayan fitarsa. Juma'ar da ta biyo baya ku tafi gidansa gaba ɗaya ku gaishe shi da iyalinsa, kuma kar wanda ya ɗauko maganar ofis a can.